Motar firigo mai kwana tana ruri: ta ina kuran da hasken rana za su shigo?

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da inda manyan kamyo ke tsayawa a Damagaram ya san wannan ƙarar. Mota a kashe take, shofer ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta yana barci, amma can a goshin akwatin wani ɗan inji na ta ruri har assalatu, ya yi shiru na ɗan lokaci ya sake tashi. Yawancin mutane suna ɗauka motar ce aka bari a kunne, alhali ba ita ba ce. Motar firigo inji biyu gare ta, ɗaya na jan kaya, ɗaya na sanyi, kowanne da tankin gazuwal ɗinsa, kuma shi na sanyin ba ruwansa da ko ana tafiya ko ana tsaye, muddin akwai kifi ko kaji a ciki sai ya sha.

Wannan ɗan injin shi ne yanzu duniya ta sa wa ido, ana neman a raba shi da gazuwal a maida shi kan kuran, wato wutar lantarki, kuran ɗin ma idan da hali na hasken rana. Maganar tana da daɗin ji, musamman a wurinmu da rana ba ta ƙaranci, amma idan ka zauna ka yi lissafi sai ka ga abin da ake tallatawa a hoto daban, abin da zai yi mana aiki a kan hanyar Yamai zuwa Zinder daban.

Abin da ya ja hankalina ga zancen nan, wani ɗan kawuna ne mai sayar da kifin ƙanƙara kartan-kartan. Wata rana cikin watan zafi aka sauke masa kaya, yana buɗe kartan na farko ya ga jini ya taru ya daskare a gindin leda, kifayen sun manne da juna kamar an zuba masu ƙaro, gefen kwalin kuma ya yi laushi. Wanda ya san sana'ar ba sai an faɗa masa ba, kayan sun narke a hanya aka sake daskarar da su. Ya ja aparantin motar gefe ya ce "ƙanena, tsakaninka da Allah, kun kashe inji?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce "Alhaji wallahi da dare ne kawai, maigida ya ce gazuwal ɗin da aka ba mu ba zai kai mu ba." Ba mugunta ba ce, lissafi ne, kuma lissafin nasu ba ƙarya ba ne.

Ga shi nan a sauƙaƙe. Injin sanyi na babbar tirela yana shan wajen lita 2 zuwa 4 a awa, gwargwadon zafin gari da tsufan injin. A ce lita 3, a awa 24 lita 72 kenan, idan muka sa lita kan sefa 600 don sauƙin lissafi ya haura jika 40 a kwana guda, kuɗin sanyi kaɗai ban da man tafiya. Yamai zuwa Zinder kusan kilomita 900 ne, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, kuma kifin kafin ya iso Yamai ya riga ya yi wata doguwar tafiyar daga bakin teku, ga tsayuwar duwan ga shingayen bincike ga faci ga jiran mai kaya ya haɗa kuɗi kafin a sauke. Kowace lita kuma tana sakin kusan kilo 2.6 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ban da baƙin hayaƙin da mai shayin da ke gefen motar ke shaƙa.

Shi kansa injin tsohon ƙira ne. Wani baƙar fata ɗan Amurka, Frederick McKinley Jones, shi ya ƙirƙiro na'urar sanyaya mota, ya samu takardar mallakarta, daga aikinsa kamfanin Thermo King ya taso, wanda har yau sunansa ko na Carrier za ka gani a goshin galibin motocin firigo. Aikin na'urar ba wai ta ƙera sanyi ba ne, kwashe zafi take daga cikin akwati tana zubarwa waje, kamar mai kwashe ruwa daga jirgin da ke yoyo. Kompireso ya matse gas, gas ya zagaya ya ɗauko zafi, fanka ta hura shi waje. To abin lura, kompireso bai damu da wa ke juya shi ba, ko injin gazuwal ko injin lantarki duk ɗaya ne a wurinsa, nan ne ƙofar da kuran ke shigowa. Lita ɗaya ta gazuwal tana ɗauke da ƙarfi wajen kilowat-awa 10, amma ƙaramin inji kashi ɗaya cikin uku ko ma ƙasa yake maidawa aiki, saura duk zafi ne da ƙara, shi kuwa injin lantarki yana maida kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya ci.

Tunda jirgi ne mai yoyo, kafin a yi maganar wa zai kwashe ruwa ai sai a fara duba ramin. Wannan shi ne ɓangaren da ba wanda ke son magana a kai don ba ya da kyau a hoto. Galibin motocin firigon da ke zuwa mana sun gama aurensu na fari a Turai, kumfan da ke cikin bangon akwatin ya tsufa ya sha ruwa, robar bakin ƙofa ta tsage, wani wurin an yi karo an like da faranti kawai. Kifi na son digiri 18 ƙasa da sifili, waje kuma a watan Afrilu da Mayu ana haura 40, tazarar kusan digiri 60 kenan tsakanin ciki da waje, ga rufin da rana ke duka tun hantsi. Sannan a zo sauke kaya a wangale ƙofa awa biyu ana ciniki a bakinta. Canza robar ƙofa, rataya labulen roba mai tsage-tsage a bakin akwati, wanke rufi ya koma fari, tsayar da mota a inuwa, jera kaya yadda iska za ta zagaya ba a toshe bakin fanka ba, duk wannan kuɗinsa bai kai na batir guda ba kuma yana rage wa inji aiki tun ranar farko. Duk wanda ya ɗora pannon hasken rana a kan akwatin da ke yoyon sanyi, zuba ruwa yake a kwando.

Wani ramin kuma shi ne loda kaya da zafinsu. An ƙera injin mota ne don ya riƙe sanyin da kaya suka shigo da shi, ba don ya sanyaya su daga farko ba. Tumatirin da aka tsinko da rana tsaka a garaken Mirya ko Gidimuni yana ɗauke da zafin gona, kuma abu ne mai rai, yana numfashi yana ƙara fitar da zafi ko bayan an tsinke shi. Idan ba a fara sauke masa zafi a ɗakin sanyi ba, injin mota zai yi ta haƙilo har a iso bai kai inda ake so ba.

Yanzu a zo kan kuran. Mataki na farko kuma mafi arha, yawancin waɗannan injinan sanyi tun daga masana'anta akwai masu zuwa da injin lantarki a ciki da wurin sa waya, idan mota ta tsaya sai a kashe na gazuwal a jona ta da kuran mai layi uku, irin na volt 380. A Turai haka ake yi a manyan ɗakunan ajiya da cikin jiragen ruwa masu ɗaukar motoci, kwantenonin sanyi ma a tashar jirgin ruwa a jone suke kwana. A nan da yawa an bar wurin jonawar ya yi tsatsa don ba inda za a jona. Kuma idan ka bi motar kifi da agogo a hannu za ka tarar awannin da take yi a tsaye suna da yawa ƙwarai, wani zubin sun fi na tafiya. Kenan fili mai katanga da rumfa da wuraren jona waya guda biyar ko shida a Ƙonni, a Maraɗi, a Zinder, zai rage gazuwal fiye da duk wata sabuwar fasaha da za a kawo a jirgi.

Sai dai nan mai karatu zai yi dariya ya ce wane kuran? Yana da gaskiya. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, yankinmu na Maraɗi da Zinder ta layin Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da aka katse ta lokacin takunkumi. Ko ba takunkumi, watannin zafi da firigo ya fi bukatar wuta su ne watannin da aka fi ɗauke ta. Idan kuma ka ce ka tada gurup don ka jona mota, gazuwal ɗin dai ka koma wa, ka canza masa tanki ne kawai. Shi ya sa a wurinmu maganar kuran da maganar hasken rana ba sa rabuwa. Ƙasar ta fara, akwai tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, amma mai ɗakin sanyi a Zinder ba zai zauna jiran waɗannan ba, nasa pannon zai kafa.

To a ina za a kafa shi, a kan mota ko a ƙasa? Hoton da ya fi yawo a Facebook shi ne tirela da rufinta shimfiɗe da panno, kuma da gaske akwai su, a Ingila wani kamfani Sunswap yana ƙera injin sanyi mai aiki da batir da pannon rufi ba gazuwal sam. Amma mu auna. Rufin babbar tirela tsawonsa mita 13.6 ne faɗi wajen biyu da rabi, murabba'in mita 34 kenan, zai ɗauki panno na wajen kilowat 5. A lissafina na kan tabarma, da ranarmu mai ƙarfi zai ba da kilowat-awa 25 ko kusa da haka a yini, shi ma idan an goge shi, don panno ba ya son ƙura kuma abin mamaki ba ya son zafi, duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25 yana rage masa wajen kashi 0.4 cikin 100, ga shi a kwance yake a rufi inda ƙurar hunturu ke zama daram. Akwatin daskararren kifi a zafinmu kuwa idan ya ci kilowat 5 a matsakaici, dare da rana kilowat-awa 120 kenan. Rufin ya kawo kashi ɗaya cikin biyar. Ba abin rainawa ba ne, amma ba zai raba ka da tanki ba. A Ingila abin yana yi ne saboda gari da sanyi, tafiya gajera, mota kuma tana komawa gida kowane dare a yi mata caji.

Sauran sai batir ya cike, shi kuma batirin litiyom da zai riƙe 120 ɗin nan nauyinsa ya doshi kilo 800 zuwa tan guda, wanda kaya ne da mai mota zai rage, ga kuɗinsa. Gaskiya farashi ya faɗi sosai, kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa yanzu, amma har yanzu na masu hannu da maiƙo ne. Batirin ruwa irin wanda muka saba kuwa kada ma a fara, zafi ke cinye shi, duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba kwanansa biyu, duk mai panno a gida ya ga wannan da idonsa.

Akwai wata dabarar da ta burge ni, a sa janareta a jikin gatarin tirela, idan mota na gudu ko tana taka birki taya na juya shi yana cika batir, Carrier da Thermo King duk sun fito da irinsa. Amfaninsa ya fi yawa a hanya mai gangara da yawan birki. Hanyarmu shimfiɗaɗɗiya ce, mafi yawan ƙarfin daga injin gaba zai fito, wato gazuwal ne dai ta bayan gida, ko da yake babban inji ya fi ƙaramin iya tattalin mai. Ita kuwa babbar motar da ke tafiya da batir gaba ɗaya, a Sin suna ta yawa, amma kilomita 900 ba wurin caji ko ɗaya, a bar wannan tukuna.

Inda nake ganin rana za ta yi mana aiki da gaske shi ne a ƙasa. Rufin ɗakin ajiya ba shi da iyakar murabba'in mita 34, za ka karkata panno yadda ya dace, yaro ya hau ya goge kowace safiya, ba girgizar hanya ba reshen bishiya. Kuma ga wani sirri da ya sa sanyi ya fi sauran ayyukan wuta sauƙi: ana iya ajiye shi ba tare da batir ba. Tan ɗaya na ƙanƙara kafin ya narke yana shanye zafi na kusan kilowat-awa 93. Da rana panno ya juya kompireso a daskarar da ruwa, da dare ƙanƙarar ta riƙe ɗakin. Firigon allurar rigakafi na zamani da ake kai wa asibitocin karkara haka suke aiki, ba batir, panno kai tsaye, suna riƙe digiri 2 zuwa 8 kwana da kwanaki ko da hadari ya rufe rana. Ruwa ba ya tsufa kamar batir kuma ba wanda zai sace shi ya kai kasuwa.

Irin wannan dabarar tana hawa mota ma. Akwai faranta masu ruwan gishiri na musamman a ciki da ake jerawa a rufin akwati ta ciki, a jona su a daskarar da su a ɗakin ajiya, da safe mota ta fita ba wani injin sanyi a jikinta, farantan suna sakin sanyi a hankali har yamma. Motocin rarraba askirim a ƙasashe da yawa da shi suke aiki tun da daɗewa. Ga ƙaramar mota ko adaidaita mai akwati da za ta ɗauki kifi, nama, yawur ko madara daga Zinder zuwa Mirya, Matamai, Magarya ko Tanut ta dawo a yini, ban ga abin da ya fi wannan dacewa ba, don ba abin da zai lalace a hanya.

Maƙwabtanmu sun gwada ɓangaren ɗakin. A Najeriya Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa ColdHubs a 2015, ɗakunan sanyi masu panno a bakin kasuwa, mai tumatir ya kawo kwandonsa ya biya kuɗin kwana, da farko naira 100 kan kowane kwando. Abin koyi a nan ba pannon ba ne, tsarin biyan ne, don mai kwando biyar ba zai taɓa sayen firigo ba amma zai iya biyan kuɗin kwana. Tun kafin nan ma wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke aiki sosai a busasshiyar iska irin tamu. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka komai sai an daskare. Tumatir idan aka kai shi ƙasa da digiri 10 lalacewa yake, ɗanɗano ya tafi. Albasar Galmi iska da bushewa take so, rudu mai kyau ya fi mata firigo. Kilishi da bandar kifin tafkin Cadi da busasshen tattasan Difa kuwa amsar kakanninmu ce ga wannan matsalar, kuma rana ce ta yi aikin tun ba a san panno ba. Sanyaya abin da bai bukata shi ma ɓarnar wuta ce.

Ko a daskararren ma an fara tambaya. Digiri 18 ƙasa da sifili ƙa'ida ce da aka gada tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, a taron yanayi na Dubai a 2023 wasu manyan kamfanonin sufuri suka ƙaddamar da yunƙurin a koma 15 ƙasa da sifili, a cewarsu abinci ba zai lalace ba kuma za a rage wuta. A ganina wannan na waɗanda sanyin kayansu ba ya yankewa a hanya ne. Mu da ake kashe inji da dare a tsakanin Ƙonni da Maraɗi, digiri ukun nan su ne ɗan abin da ke ceton kaya. Abin da ya fi mana amfani ƴar na'ura ce kamar akwatin ashana da ake jefawa cikin kaya tana rubuta zafi duk tsawon tafiya, a iso a karanta a waya, da ɗan kawuna yana da ita da ba sai ya sa yaro rantsuwa ba.

Akwai kuma gas ɗin da ke cikin injin, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Tsofaffin motoci galibi R-404A gare su, kilo ɗaya nasa idan ya tsere yana ɗumama duniya kamar kilo 3,900 na hayaƙin gazuwal, kuma a hanyoyinmu masu girgiza bututu na tsagewa, makaniki ya ƙara gas a ci gaba. Yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta sa ana rage irin waɗannan gas a duniya, ma'ana zai yi ta tsada yana wuyar samu, wanda zai sayi tsohuwar motar firigo yau ya kamata ya leƙa ya ga wane gas take sha kafin ya biya.

Girman abin ba ƙarami ba ne, wani rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2017 an yi asarar tan miliyan 526 na abinci saboda rashin sanyi, kusan kashi 12 cikin 100 na abin da aka samar. Mu nan muna ganin namu a kwandunan tumatir da ake zubarwa bayan kasuwar Dole idan kaka ta yi, da kuma dabbobin da shekara da shekaru ake lodawa da ransu zuwa Maigatari suna ramewa a hanya, fata da ƙashi da kuɗin yanka duk su tafi can, saboda nama ba zai iya tafiyar ba.

Abin da zai hana ruwa gudu kuɗi ne da hannu. Gazuwal kullum ake saye kaɗan-kaɗan, ga matatar mai ta SORAZ a bayan gari tun 2011, panno da batir kuwa a dunƙule ake biya rana ɗaya sannan a ci riba shekaru, kuma bankunanmu ba su saba ba da bashi mai dogon zango ga ɗan kasuwar kifi ba. Ga rikicin wa zai biya wa zai amfana, mai mota ne zai kashe kuɗin gyara akwati, mai kaya ne kifinsa zai tsira, shofer kuma wani zubin rarar gazuwal ɗin nan ita ce ɗan abin da yake samu a tafiya, ka maida shi kan kuran ka taɓa masa aljihu, dole a san yadda za a yi da shi in ba haka ba wayar jonawar za ta "ɓace" tun a tafiyar farko. Sannan makanikan firigonmu sun ƙware a gas da kompireso da injin gazuwal, amma injin da ke da allon kwamfuta da batir mai ƙarfin da zai iya kashe mutum wani karatu ne daban, idan ya tsaya a Takeita kuma sai an kira wani daga Yamai ko Kano, kafin ya iso kaya sun yi wari.

Ɗan kawun nawa dai ya karyar da farashin kifin nan ya sayar wa masu suya a ranar, ya ci asararsa. Yanzu yana tara kuɗin panno goma sha biyu da firiza biyu masu kaurin bango, kuma ya ce duk motar da za ta sake kawo masa kaya sai ya hau da kansa ya shafa robar ƙofa kafin a sauke kartan ɗaya.